Hoton da Ke Kan Durowa a Sedgefield

A shekarun farko na zuwana Greensboro a Amurka, aikin kula da tsofaffi a gidajensu nake yi. Kamfanin da nake yi wa aiki ya tura ni wani gida a Sedgefield, kusa da filin golf, wurin wata tsohuwa 'yar ƙasar Japan. Wani sojan Amurka ne ya aure ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo ta nan, ya daɗe da rasuwa. 'Yarta ɗaya tana wani gari. Ni ke yi mata wanka, in dafa mata shinkafa, in ba ta magani. Mama nake kiranta, ita kuwa ba ta taɓa iya faɗin sunana daidai ba.

A kan durowar falonta akwai hoton wani dattijo mai tabarau da ɗan gashin baki, sanye da kwat. Na ɗauka mahaifinta ne. Wata uku ina goge masa ƙura. Wata safiya na ɗaga shi da hannu ɗaya, ta ce da ni cikin Turancinta mai tsinke-tsinke, "Da hannu biyu ake riƙe shi. Sarkinmu ne, wanda ya rasu."

Na ajiye hoton a hankali, na shiga kicin na wanke hannuna.

Ni 'yar zangon Kumasi ce, a Ghana. Turawan Ingila sun ɗebi mahaifina da ƙanensa zuwa yaƙi da Japan a ƙasar Bama, suna samari. Mahaifina ya dawo da gyambo a ƙafa wanda bai warke ba har ya koma ga Allah. Ƙanensa bai dawo ba. Sojan Japan sun yi musu kwanton ɓauna a bakin wani rafi, Baba ya ga abin da aka yi wa gawar ƙanen nasa, bai taɓa faɗa mana ba. Abin da muka sani shi ne in ruwan sama ya tsuge, ba a yi masa magana. Ranar da rediyo ta faɗi mutuwar wannan sarki, da yadda shugabannin duniya ke shirin zuwa jana'izarsa, ina tsakar gida ina tankaɗe. Baba ya kashe rediyon ya ce, "A kan gadonsa ya mutu ke nan." Bai ci abinci ba ranar.

Daga wannan safiya na daina taɓa hoton. Ina goge durowar, in kewaye shi. Mama ta lura, don idonta bai tsufa ba. Bayan kamar mako biyu, ina yanke mata farce, ta tambaye ni dalili. Na gaya mata labarin Baba a taƙaice.

Ta ce, "Janar-janar ne suka yi yaƙi. Shi mutumin kirki ne, mai son zaman lafiya. Halittun teku yake nazari, ƙananan abubuwa da ba wanda ya damu da su."

Na ce, "Da sunan wa aka yi yaƙin, Mama?"

Sai ta ba ni labarin ranar da suka fara jin muryarsa a rediyo. Tana 'yar makaranta, aka tara su a fili cikin zafin rana, suka durƙusa. Ba su gane rabin maganarsa ba, sai malaminsu ya ce musu yaƙi ya ƙare. Ta ce ba don shi ba, da an ƙarar da su duka. Ta ce bayan haka ya zaga garuruwan da suka ƙone, yana cire hula yana gaida talakawa, ya rayu shekaru da yawa bai sake tura kowa yaƙi ba.

Na ce, "Wanda ya kunna wa gida wuta ba a yi masa godiya don ya kawo ruwa."

Ta zare hannunta daga nawa. Ta ce, "Wa ya kai babanki Bama? Sarkina ne ya je Afirka ya ɗauko shi? Ki je ki tambayi sarkin Ingila."

Maganar ta soke ni, don akwai gaskiya a cikinta. Daga nan zamanmu ya lalace. Ta fara cewa shinkafata ta yi ruwa, ruwan wanka ya yi zafi. Ni kuma na daina yi mata hira, sai aiki. In na shimfiɗa sallaya don azahar, sai ta ƙara ƙarar talabijin.

Ranar da abin ya ƙare, ita ta tayar da zancen. Ina ba ta shayi da hantsi, ta ce ba ni kaɗai na yi rashi ba. Jiragen Amurka sun ƙone unguwarsu 'yan watanni kafin ƙarshen yaƙin, mahaifiyarta na ciki. Ta faɗa ne don in sassauta, na san da haka. Amma na ce, "To, Mama, tunda magana ɗaya tasa ta isa ta tsayar da yaƙi, me ya hana shi yin ta kafin a ƙone mahaifiyarki? Kujerarsa yake jira a tabbatar masa."

Kofin ya karkace a hannunta, shayi ya zuba a cinyarta. Na kawo tawul, ta ture ni. Ta ce in fita daga gidanta. Ban iya barinta ita kaɗai ba, doka ta hana, sai na zauna cikin mota a ƙofar gida har wata ma'aikaciya ta zo ta karɓe ni.

Kamfanin ya mayar da ni wani gida a McLeansville, wurin wani tsohon manomi mai ciwon suga. Mijina ya ce na yi wauta, tsohuwa mai shekara kusan tamanin ba ita ta kashe ƙanen mahaifina ba. Na yarda bai kamata in taɓa mata uwa ba, na kuma nemi gafarar Allah a kan wannan. Game da sarkin nasu kuwa ra'ayina bai motsa ba. Ba a taɓa tsayar da shi gaban alƙali ba, bai sauka daga mulki ba, kuma waɗanda suka mutu da sunansa a baki sun fi waɗanda ya gaisar yawa.

Sau ɗaya na sake ganinta, bayan kamar shekara guda, a wani kantin kayan abincin Asiya a High Point Road inda nake sayen doya. 'Yarta na tura ta a keken guragu, ta rame sosai. Na ce, "Sannu, Mama." Ta dube ni sosai, ta gane ni, sannan ta ce da 'yarta su wuce wajen kifi.