Matar da Take Fara Duba Takalmi

Kun gani, kada wanda ya ce mini bai gani ba. Kun ga mai ciki a gidanku tana jan ƙafa, fuska ta cika, zobe ya nutse a yatsa, kuka ce ai ciki ya tsufa, haka yake. Ta ce kanta yana sarawa, kuka miƙa mata ƙwaya biyu, kuka koma kan wayarku. Ni ma na yi, don haka ba na cire kaina. Amma akwai wata mace a ƙaramin asibitin unguwarmu da ta shekara talatin da ɗaya ba ta kawar da kai ba, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ba tare da ɗayanmu ya je ya ce mata sannu ba.

Matan awo suna kiranta Sista Takalmi. Ƙarfe bakwai take isowa, ta goge teburinta, ta ciro abin awon jini daga jakarta. Nata ne na kanta, robarsa ta tsage ta naɗe da filasta. Sauran ma'aikata kati suke fara karɓa. Ita kuwa sai ta bi dogon bencin da mata suke jira, idonta a ƙasa. Wadda ta take bayan takalminta, da wadda ta zo da silifas ɗin mijinta don nata ya ƙi shiga, duk ta gan su. Daga ƙafa ta ɗago zuwa yatsun hannu, daga nan zuwa fatar ido.

Ba mai tsorata mata ba ce. Mai ƙwannafi takan ce mata ta riƙa ci kaɗan-kaɗan, ta ƙara matashi in za ta kwanta. Mai kukan yawan fitsari takan ce mata ɗan haya ne ya zauna mata a kan mara, ta yi haƙuri, ya kusa tashi. Kumburin ƙafa shi kaɗai ma, ta ce, yawanci ɗaga ƙafa da hutu ne maganinsa. Amma akwai inda wasanta yake tsayawa cak: zubar jini, fashewar ruwa kafin lokaci, ɗa ya daina motsi, ko ciwon kai ya haɗu da kumburin fuska da hannu.

Na ga wannan da idona a kan Yayata. Cikinta na uku ne, wata takwas. Mijinta tela ne, shi ya kawo ta a babur, ni da surukarta muka biyo a ƙafa. Mun makara, muka samu wuri a can ƙarshen baranda. Da aka yi awa biyu layi bai motsa ba, sai ya ce ɗinki yana jiransa, a tashi, a dawo mako mai zuwa. Har mun kai bakin ƙofa Sista Takalmi ta sha gabanmu, tana kallon ƙafar Yaya.

"Baiwar Allah, takalmin wa kika sato?"

Yaya ta yi dariya ta ce na baban yara ne, nata ya ƙi shiga kwana huɗu ke nan. Sista ba ta yi dariya ba. Ta kama hannunta ta juya zoben, ya ƙi juyuwa. Ta tambaye ta ciwon kai, Yaya ta ce kwana uku ke nan. Ta tambaye ta ko tana ganin wani ƙyalli-ƙyalli a ido, ko tana jin zafi a ƙasan haƙarƙarin dama. Duka biyun ta ce e. A gida ɗaya muke, ban taɓa tambayarta ko ɗaya ba.

Surukar ta ce ita tara ta haifa, kowanne da kumburi, alamar ƙaton ɗa ce, a bar yarinya ta je ta kwanta. Sista ta ce, "Mama, Allah ya raya su. Amma wannan cikin ba naki ba ne." Ta zaunar da Yaya, ta ɗaura mata abin awo. Ta auna, ta sake aunawa a ɗayan hannun. Ɗari da saba'in a kan ɗari da goma sha biyar. Ta ce jininta ya hau sosai, za ta iya faɗuwa da jijjiga kowane lokaci, sai an yi mata allura an wuce da ita babban asibiti yanzu.

Mijin ya ce gobe. Ya ce matar da take tafiya da ƙafarta, har da dariyarta, ina ciwon yake? Ya kama hannun Yaya zai tashe ta. Sai Sista ta durƙusa ta zare takalman daga ƙafarta, ta jefa su cikin durowa, ta kulle, ta sa makullin a aljihu.

"Malam, takalminka yana hannuna. In tafiya za ka yi da ita, goya ta za ka yi, kuma a gaban matan nan."

Matan benci suka kwashe da dariya, shi kuma ya hau faɗa, yana cewa sai ya kai ƙararta wurin shugaban asibiti. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta aika a kira motar asibiti, ta kwantar da Yaya a gadon awo, ta fasa kwalbar allura tana zuƙa. Ba a yi minti goma da tare mu a bakin ƙofa ba Yaya ta ce, "Ba na gani." Bakinta ya karkace, jikinta ya sanƙare, sai jijjiga.

Dariya ta ɗauke. Surukar ta zaro cokali daga jakarta za ta cusa mata a baki, Sista ta buge hannun ta ce kada a sa mata komai. Ta juya ta ɓangaren hagu, ta sa gwiwa ta tokare ta don kada ta faɗo. Da jijjigar ta lafa ta tsira mata allurar. Ni ina tsaye da jaka kamar gunki. Abu ɗaya nake ta juyawa a raina: da mun fita ƙofar nan, a wannan lokacin Yaya tana bayan babur a tsakiyar titi.

Sannan Sista ta ɗora ƙahon sauraron bugun zuciyar ɗa a kan cikin, ta ɗaga hannu a yi shiru. Mijin ya zame ya zauna a ƙasa. Ban san tsawon shirun ba. Ta matsar da ƙahon, ta sake matsarwa. Can ta ce, "Yana nan." Ta shiga motar tare da Yaya zuwa babban asibiti, da rana tsaka aka yi aiki aka ciro 'yar ƙaramar yarinya. Jaririyar ta yi mako biyu a kwalba. Yau tana rarrafe, uwarta tana binta.

Danginmu likitan babban asibiti suke ta sa wa albarka, kuma ya cancanta. Ita kuwa sai bayan wata guda mijin ya iya komawa wurinta, kansa a sunkuye. Ta buɗe durowar, ashe akwai wasu takalman maza ƙafa uku a ciki, masu su kunya ta hana su zuwa. Ta miƙa masa nasa ta ce ita ba kasuwar takalmi ta buɗe ba, ya dai kawo matarsa awon jini ranar Talata.

Sista, ke ce kika yarda a zage ki a bakin ƙofa don kada a yi makoki a gidan mai zagin. Ke ce garkuwar masu juna biyu. Ba a taɓa kiranki gaban taro ba, ba a rataya hotonki a ko'ina ba, amma akwai yara a makaranta yau da suke da uwa saboda kin sunkuya kin kalli ƙafa. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya saka miki da abin da muka kasa.

Na tambayi wa zai gaji aikinta, aka ce mini ana dubawa. Na gaji da ana dubawa. Kafin watan nan ya ƙare, ku je asibitin unguwarku ku tambayi shugabansa, ido da ido, wa yake bin benci yana zaƙulo matan da bai kamata su jira layi ba. Kada ku fito sai da amsa.

Kai kuma da kake da mai tsohon ciki a gida, ajiye wannan rubutun. Dubi fuskarta da yatsunta. Tambaye ta ko kanta yana ciwo, ko idonta yana dishi-dishi, da yaushe ɗan ya yi motsi na ƙarshe. In ka ji abin da bai kwanta maka ba, kai ta awon jini yau, kada ka ce gobe. Tashi yanzu ka duba takalmin wa yake ƙafarta.