Goggo da Gaisuwar Itatuwa

A tsakiyar shekarun 1950 muna zaune a Samaru, a layin gidajen ma'aikatan gonar gwaji, inda maigidana yake aikin malamin gona. Ɗaki biyu ne da madafa. A ɗaya daga ciki yayar mahaifina take kwana, wadda muke kira Goggo. Ta zo mana daga wani ƙauye da ke gaba da Shika, bayan mijinta ya rasu, ta kuma saɓa da ƙannenta maza da suka rage. Dalilin saɓanin shi ne ta shiga addinin Kirista, su kuwa suna kan al'adar kakanni. Ta daina dafa giya, ta ƙone layunta, ta ƙi zuwa yankan da ake yi a gindin dutse kafin shuka. Suka ce tunda haka ta zaɓa, ba ta da sauran wurin zama a gidan.

Shekara biyu ta yi a ajin masu neman baftisma. Ba ta iya karatu ba, sai dai in karanta mata tambaya da amsa tana kaɗin auduga, ta haddace. Majami'armu tana Sabon Gari, tafiyar kusan awa uku ga tsohuwa, amma ba ta taɓa fashin Lahadi ba. Sau ɗaya a shekara ake yin baftisma, a ƙarshen damina, kafin ruwan kogi ya janye. A lissafinmu ta haura shekara sittin. Takan ce ba ta so mutuwa ta same ta a tsakanin gida biyu, ta bar wancan, ba ta shiga wannan ba.

Abin da ta zo da shi daga ƙauye, wanda ba ta ƙone ba, shi ne sanin itatuwa. Matan layinmu yawancinsu daga nesa suke, wasu daga kudancin Zariya, wasu Yarbawa, wasu Ibo. Kowace ta san ganyen garinsu, amma ba ta san na nan ba. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta zo neman abin da za ta ba ɗanta mai gudawa. Goggo ta ce ita ba ta sayar da magani, amma in tana so ta zo ta ga inda yake. Haka fitar Asabar ta soma. Kafin shekara ta zagayo mun kai mu takwas ko tara, har da masu zuwa daga Sabon Gari, su kwana gidan 'yan'uwa saboda fitar.

Mukan tashi da hantsi, bayan raɓa ta ɗan sha iska. Mu bi gefen gonakin auduga, mu gangara fadama, mu shiga kurmin da ke bin rafi. Goggo tana gaba da sanda, da ɗan ƙaramin gatari a saɓe. Ba ta faɗin sunan ganye sai kin murza shi, kin sansana, in na ɗanɗanawa ne kin ɗanɗana. A bakin daji akwai sabara, wadda ake dafa wa mai jego, a kuma ba mai gudawa. Gaba kaɗan kalgo ne da marke, wanda ake tauna ɓawonsa saboda tari. A gefen ruwa tafashiya take, ta ciwon ciki. Rawaya kuwa sai an tona, saiwarta ta rina yatsu, ana ba mai shawara. Akwai waɗanda take nuna mana don mu guje su kawai, ta ce wannan ko akuya ba ta kusantarsa, kada wata ta fi akuya wauta.

Ranar da wata Bayarbiya ta fara tauna ɓawon maɗaci, ta tofar, ta yi ta kakari, hawaye na zuba. Goggo ta dube ta ta ce, "Ke da kike zaune ɗaki ɗaya da uwar miji, wannan ɗan ɗacin me zai yi miki?" Har muka koma gida ana tsokanarta da maganar.

Ba ganye kaɗai take nuna mana ba. Ta san surin da damo yake shan hantsi a kai, takan tsayar da mu daga nesa mu kalle shi. Ta san sawun gafiya da na tunku, ta san inda fakara ke kwana. In cilakowa ta yi kuka sama da mu, sai ta ba mu labarin yadda take toshe kanta cikin kogon itace da laka har 'ya'yanta su yi fiffike, namijin yana kawo mata abinci ta 'yar kafa. Ta ce ko a cikin tsuntsaye akwai mai zaman jego. Akwai wata babbar tsamiya da ba ma bi ta ƙarƙashinta in rana ta take. A ƙauyensu an ce gidan iskoki ce. Na taɓa tambayarta ko har yanzu tana tsoro, ta ce ba tsoro ba ne, ƙafa ce ta saba kewayewa.

In za ta ɗebi ɓawo, tana da yadda take yi. Sai ta tsaya gaban itacen ta yi sallama, ta faɗi ko ita wace ce, da wanda ba shi da lafiya, da abin da ke damunsa. Ta ciro gero kaɗan daga bakin zanenta ta watsa a gindin. Sannan ta sassaƙi kamar faɗin tafin hannu ta gabas, ta zagaya ta sassaƙi irinsa ta yamma, ta kwaɓa laka ta shafe wuraren. In saiwa ce, ta yanki ɗaya ta mai da ƙasa. Mun saba ganin haka har ba ma lura.

Cikin marka, wata biyu kafin baftisma, matar wani dattijon ikilisiya ta biyo mu daga Sabon Gari, tana neman marke saboda tarin mijinta. Mace ce mai kirki, ban kuma yi tsammanin da mugun nufi ta yi ba. Ta koma gida da ɓawon, ta ba mijinta labarin yadda aka ɗebo shi. Shi kuwa ya ƙi sha, ya kai maganar gaban sauran dattawa. Lahadin da ta biyo aka kira maigidana aka gaya masa cewa an tsayar da sunan Goggo. Suka ce mai magana da itace, tana ba shi hatsi, ba ta rabu da tsafi ba tukuna.

Da ya faɗa mata ba ta yi musu ba. Ta ajiye mazarin kaɗinta. Daga baya ta ce shiga gonar wani a ɗebi abu ba sallama, sata ce a inda ta fito, ba ta kuma san a Littafi an halatta sata ba. Maigidana ya ce ai itace ba mutum ba ne. Ta ce ta sani. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Faston namu mutumin kudancin Zariya ne, mai kimanin shekara hamsin, ba mai yawan magana ba. Kowa ya san mahaifinsa shi ne mai riƙe da tsafin garinsu har ya mutu. Ya aiko cewa ba zai yanke magana a kan abin da bai gani ba, zai zo ranar Asabar ya bi mu. Ya zo a kan keke, da baƙin takalminsa na Lahadi. Kafin mu ƙetare fadama sai da ya cire su ya rataya a wuya.

Goggo ba ta canza komai ba saboda shi. Ta ba shi sabara ya murza, ta tsayar da shi ya kalli damo. Ya gane tafashiya da kansa, ya faɗi sunanta da harshensu, ya ce kakarsa ta sha ɗura masa ita. Matan dai ranar babu mai tsokanar wata. A ranar akwai wata 'yar layinmu da ke buƙatar maɗaci, 'yarta na fama da ciwon ciki. Muka isa gindin babban maɗacin da ke bakin rafi, duk muka tsaya.

Na ɗauka za ta sara kawai a wuce wurin. Na san wasu ma haka suka so, don tun a hanya wata ta raɗa mata cewa yau ɗaya dai ta haƙura. Sai ta matsa gaban itacen, ta yi sallama da muryar da ta saba, ta faɗi sunan yarinyar da ciwonta, ta watsa gero, ta sassaƙi gabas da yamma, ta shafe da laka. Fasto yana tsaye da takalmi a wuya har ta gama.

Ya ce, "Inna, da wa kika yi magana?"

"Da maɗaci, Baba Fasto."

"Yana jin ki?"

"Ban sani ba. Bai taɓa amsawa ba."

Ya tambaye ta to don me take yi. Ta ce haka uwarta ta koya mata, kuma ta lura wanda ya tsaya ya yi sallama, ya faɗi sunan mara lafiya ɗaya, ba ya ɗibar na mutum goma. Ta nuna masa wani maɗaci a ƙetaren rafi da masu kai ɓawo kasuwa suka zagaye shi da sara, ya bushe a tsaye. Ya duba, ya gyaɗa kai. Sannan ya tambayi geron. Ta ce uwarta takan ce na masu itacen ne, wato iskoki.

"Ke fa, Inna, na wa kike cewa ne?"

Ta jingina gatarin da itacen. Sannan ta ce, "In lafiya lau ne, nakan ce na fakara ne, don na ga suna ci. Amma in yaron da na ba magani ya kwana biyu bai ji sauƙi ba, sai in kama tunani ko na zuba ko na manta."

Fasto ya sauke numfashi. Ya ce da ta tsaya a kan fakara, da ya koma wa dattawa da magana mai sauƙi. Ta ce ta sani, amma wanda za a tsoma a ruwa don a wanke shi bai kamata ya shiga da ƙarya a baki ba. A hanyar komawa Fasto ne ya riƙe wa uwar yarinyar ɓawon, ya kuma tambayi yadda ake jiƙa shi.

Bayan mako biyu hukunci ya fito. An ɗaga baftismarta zuwa baɗi. Sharaɗin shi ne ta bar geron, ta kuma bar gaisuwar. Maigidana ya ji daga baya cewa Fasto ya nemi a bar mata gaisuwar, tunda mutum yakan yi wa jakinsa magana ba a ce ya yi tsafi ba, amma dattawa suka rinjaye shi. Da yawansu daga irin gidajen da ta fito suka fito, sun kuma san wahalar da suka sha kafin su rabu da su. Ban ga laifinsu ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba sosai.

Geron bai ba ta wuya ba, a ranar ta kwance bakin zanen ta zuba wa kaji. Gaisuwar ce ta tsaya mata. Asabar ta gaba ta ɗaga gatari a gaban marke, ta sauke, ta sake ɗagawa, ta sauke. Ta ce hannunta bai iya ba. Ta miƙa gatarin ga Bayarbiyar nan, ta nuna mata gabas da sanda.

Haka muka yi shekarar. Tana gaba tana nunawa, mu muna sara. Abin da ba a yi shawararsa ba shi ne, duk wadda ta karɓi gatarin sai ka ga leɓenta yana motsi kafin ta ɗaga, wata da Hausa, wata da harshensu. Ni ma na yi. Goggo kuwa a daidai lokacin takan juya baya, ta kama neman wani tsuntsu a saman itatuwa. Ba ta ce mu yi ba, ba ta ce mu bari ba. Cikin bazara ta yi ciwon haƙarƙari, ta kwanta kusan wata guda, muka tsorata ƙwarai. Abin da take ta tambaya shi ne saura wata nawa a yi baftisma. Ta tashi dai, ta rame, shamuwa na dawowa Goggo ta koma fita daji.

A ƙarshen daminar aka tara su goma sha wani abu a majami'a don tambayoyi. Ta amsa nata ba tuntuɓe. Dattijon nan mai tari shi ya tambaye ta ko ta gai da itace tun bara. Ta ce a'a, kuma gaskiya ta faɗa. Bai tambayi sauranmu ba, matarsa kuwa, wadda ta dawo fitar Asabar tun cikin rani, tana zaune a bencin mata tana gyara ɗankwali.

Aka yi mata baftisma ranar Lahadi da safe, a kogi, ita ce ta uku a layi. Da ta fito na lulluɓa mata zane, tana rawar sanyi. A hanyar gida muka zauna hutawa a Palladan, ta ce in sayo mata ƙosai. Tana ci tana ƙorafin cewa Fasto ya daɗe da ita a ƙarƙashin ruwa fiye da yarinyar da ta riga ta, ta ƙirga. Na ce wataƙila ya ga nata zunubin ya fi yawa ne. Ta ce ba mamaki.

Ta ƙara shekara huɗu tare da mu, tana fita kowace Asabar in jiki ya yarda. Ba ta sake riƙe gatari ba har ta rasu.