Ranar da Na Kira Sunan Surukina

Jaridarmu falle ɗaya ce, boko a gaba, ajami a baya. Mun fara ta a Bodinga jim kaɗan bayan an ba da mulkin kai, lokacin da kowa ke ganin shi ma ya isa a ji ta bakinsa. Ni malamin ajin manya ne na yaƙi da jahilci, kuma abin da ke ƙona mini rai shi ne in sha wahala in koya wa dattijo karatu, ya iya, sannan ya rasa abin karantawa sai takardar haraji. To wa zai so karatu in wannan ne ladansa?

Mu biyu ne ma'aikatan, ni da wani tela abokina. Ni ke yawo a keke in nemo labari in rubuta. Shi ke juya hannun injin gurza takarda a bayan shagonsa, ranar kasuwa kuma ya kife turmi ya hau ya karanta wa jama'a, a Bodinga da Shagari. Allah ya ba shi murya. In yana karanta farashin gero, har masu wucewa sai sun tsaya sun ji ko wani ne ya mutu.

Ba ma sayar da ita, ba ma cin riba. Masu gudunmawa ke riƙe da ita, teloli da maƙera da 'yan koli da masu hatsi, wani ya kawo tawada, wani takarda, wani ya liƙe mini tayar keke kyauta. Ranar da aka kafa ta a zauren liman na ce ina da sharaɗi: wanda ya bayar ya bayar don Allah, ba shi da ta cewa a kan abin da za a buga. Wani maƙeri ya ce, "Malam, ai kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mai aski." Na ce shi ya sa ba lada muke karɓa ba, sadaka ce, kuma ba a bin sadaka a ga inda ta kwana. Aka yi dariya, aka shafa fatiha. Sun yarda ne don babu wanda ya zaci wata rana shi za a buga.

Sharaɗi na biyu ni na ɗora wa kaina. Duk wanda za mu buga laifinsa, sai na je har gidansa na yi sallama, na karanta masa labarin ido da ido, ya faɗi nasa in haɗa. Ba a littafin Turawa na samo wannan ba, tsoron giba ne kawai, don ba na son in tashi gobe kiyama da naman mutane a haƙora. Na sha zagi a kan haka. Wani mahauci da muka buga ya sayar da naman saniya marar lafiya har wuƙa ya nuna mini, amma ya saurara har ƙarshe, kuma mun buga abin da ya ce, ban da ashar ɗin.

Babban mai gudunmawarmu wani Alhaji ne, babban manomin albasa kuma fatakenta, wanda motarsa ke kai ta Kurmi. Shi ya sayi injin. Kuma shi ne uban matata, ita ce 'yarsa ta fari. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba na kiran sunansa, ko a bayan idonsa. In wani mai irin sunan ya shigo ajina, sai in ce masa "mai sunan Baba". Ba na cin abinci gabansa, ba na ɗaga ido in dube shi, in na hango shi tafe sai in sauka daga keke in tuɓe takalmi in durƙusa. Shi ma kunyata yake ji, don mijin 'yar fari ne ni, in ya hango ni sai ya saki hanya. Shekaru muka yi muna girmama juna daga nesa, kuma lafiya lau muke.

Ana nan cikin noman rani, sai wani manomi daga Lambara ya same ni a kasuwar Shagari. Ya ce an datse ƙoramar da ke ba su ruwa a fadama, dashen albasarsu na mutuwa a fangali. Na ce wa ya datse? Sai ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya gyara hula. Na ce, "Kai, faɗi mana, ba ni da lokaci." Ya ce, "Malam, ai shi ya sa nay yi ta jinkiri. Surukinka na."

Gani ya kori ji, don haka na hau keke na tafi. Gaskiyarsa ce. Gonar Alhaji ce a sama, an tare ruwan da ƙasa da kara da itace, ya taru ya yi tafki, albasarsa kore shar. Ƙasa da datsin kuwa ƙoramar ta bushe har ta tsattsage, mutane na jan jigo a rijiyoyin da ba su ba da komai sai laka. Na zagaya, na tambayi na tambaya, na dawo gida. Wallahi a hanya har addu'a na yi keken ya kayar da ni in karye, a ce Malam na jinya.

Tela ya kawo shawara. Ya ce mu rubuta "wani bawan Allah" ya datse ruwa, kowa zai gane, ba wanda zai ce mun faɗa. Na ce to, da dama. Na ce ko kuma shi ya rubuta, tunda ni abin ya shafi gidana. Ya ce, "A'a, ni karatu na iya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka." Abokin kirki ke nan.

Matata ce ta rushe dabarar. Tana tankaɗe na gaya mata, ina jiran kuka. Ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Mahaucin da kunka kira sunanai cikin kasuwa, shi ba ya da ɗiya?" Na ce yana da su. Ta ce, "To." Ta ci gaba da tankaɗenta. Sai da na fita na jiyo tana sheshsheƙa.

Na rubuta labarin da suna. Da hantsi na tafi gidan Alhaji, na tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, na yi sallama. Yana zaure shi kaɗai. Na durƙusa can bakin ƙofa, na gaishe shi, na gaida gida, na gaida gona, na gaida mota, na koma na sake gaida gida. Da gaisuwa ta ƙare mini, na ce, "Baba, aikin jarida ya kawo ni." Ya ce, "Na jiya ka tai Lambara. Karanta."

Na fara. Layin farko ya wuce lafiya, ruwa da fadama da albasa. Da na iso kan sunan sai muryata ta ɗauke. Na yi tari. Na koma farkon layi na sake tahowa, na sake tsayawa a wuri guda, kamar jaki a bakin gada. Alhaji yana kallon bango, ni ina kallon tabarma. Can ya ce, "Malam, karanta. Sunan nawa na, na san shi."

Na faɗa. Rufin zauren bai faɗo ba, na yi mamaki. Na ƙarasa labarin da sauri.

Sai Alhaji ya ce akwai kuskure. Raina ya yi fari, na ce ko Allah ya kawo mafita. Ya ce, "Ka rubuta yarana sunka datse ruwa. Yara ba su datse komai da kansu. Ni nac ce su datse. Gyara." Wannan ɗan lungun da na bar wa kaina ke nan, ya toshe shi. Sannan ya faɗi nasa: ruwan ta gonarsa ya biyo, bana ya yi ƙaranci, kuma gidaje da yawa ke ci daga gonar nan, in ta bushe su ma sun bushe. Ba zai buɗe ba. Na ce zan sa duka. Ya ce, "Ka sa. Ka gaida gida."

Tela ya karanta shi a kasuwa biyu. Ba a daɗe ba hakimi ya aiko, aka zauna da liman da manoman, aka raba ruwan da kwana, yau na sama gobe na ƙasa. Wasu fangalan sun farfaɗo, wasu sun riga sun tafi. Na ce alhamdulillahi, aiki ya yi kyau, na zauna ina jiran a zo a ce mini sannu.

Ashe jama'a ba labarin ruwa suka ji ba. Abin da suka ji shi ne wani ya zauna a zauren surukinsa ya kira sunansa, ya kuma sa an yi shelarsa a kan turmi. Babu wanda ya ce ƙarya na rubuta, ko mutum ɗaya. Cewa suka yi ba ni da kunya, kuma a wurinmu wannan ta fi ƙarya nauyi. Tsofaffin mata suka riƙa zuwa yi wa matata jaje, ina zaune da raina. Har manomin nan na Lambara, da albasarsa ta rayu, ya ce a gaya mini ya gode, amma shi da shi ne da bai iya ba.

Masu gudunmawa suka fara zamewa. Ba wanda ya zo ya ce ya janye, mu ba ma haka. Mai tawada ya ce ba a kawo ba daga birni. Mai takarda ya ce kasuwa ta yi sanyi. Maƙerin nan ne kaɗai ya faɗa mini gaskiya, yana hura zuga bai ko tsaya ba. Ya ce, "Wanda bai raga ma surukinai ba, ni mi nika gare shi?" Na ce ai abin da muka shafa wa fatiha ke nan. Ya ce, "Awo. Ba mu san da gaske kakai ba."

Mutum ɗaya ne bai janye ba. Da Alhaji ya ji sauran sun gudu, sai ya aiko da jakuna ɗauke da takarda da tawada, nasa da na duk waɗanda suka zame. Babu saƙo, babu sharaɗi. Tela har rawa ya taka a shago. Ni ma na ji daɗi, na ce lallai dattijo dattijo ne, kuma har yau ban canza magana ba.

Muka ci gaba da fitowa. Amma sai na fara jin wani sabon suna a kasuwa, wai jaridar Alhaji. In tela ya karanta farashin albasa, sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Na Alhaji ko na kasuwa?" a yi dariya. Na je Dandin Mahe neman labarin yadda fatake ke yi wa manoma wayo a wajen cika buhu, wani dattijo ya ba ni ruwa, ya ba ni tabarma, ya ce, "Malam, in gaya maka ai na gaya ma Alhaji. Sha ruwa dai." Haka na dawo da takardata fara.

Abin da ya fi wannan ci mini rai a cikin ɗakina yake. Duk sanda na ɗauki alƙalami kan wani abu da ya shafi albasa, ko mota, ko fadama, sai in ji hannuna ya yi nauyi. Mutumin nan na kunyata shi ya saka mini da alheri, yanzu da wane ido zan sake? In na taɓa shi, na zama butulu. In na ƙyale shi, masu dariyar kasuwa sun yi gaskiya. Tela ya ce, "Kai dai ba ka da godiya. Mutum ya ba ka kaya bai ce uffan ba, mi kaka so?" Na ce da ma ya ce uffan ɗin, da na san da abin da zan yi faɗa.

Na sake zagaya tsofaffin masu gudunmawa, ɗaya bayan ɗaya, na ce ko kaɗan ne su dawo, don kada a ce ta mutum ɗaya ce. Kowa ya ce sai ya yi shawara. Wani ma'aikacin En'e, wato hukumar sarakuna ta lokacin, ya ce su za su iya ɗaukar nauyinta da murna. Na yi masa godiya da sauri na hau kekena.

Sai na buga fitowa ta ƙarshe. Na rubuta cewa jaridar jama'a ce, jama'a sun saki, saura mutum ɗaya, kuma mutumin uban matata ne, don haka mun tsaya. Tela ya karanta, a karo na farko muryarsa ba ta kai rumfar mahauta ba.

Sauran takarda da tawada da injin na ɗora wa jakuna na kora su gidan Alhaji da kaina. Na san abin da mayar da kyauta ke nufi a wurinmu, ba sai an gaya mini ba. Ya fito ƙofar gida ya ga kayan. Na durƙusa na yi bayani, na ce bai yi mini laifin komai ba, alherinsa ne ya fi ƙarfin aikin. Ya daɗe yana duban jakunan.

Ya ce, "Wancan karon cikin kasuwa ka ba ni kunya, na ce aikinka na, na haɗiye. Wanga kau har gida ka kawo min ita."

Ya sa yara suka sauke kayan suka shigar. Daga ranar bai ƙara ba ni komai ba har ya bar duniya. Kowace kaka yakan aiko da buhun albasa gidana, kuma ɗan aiken sai ya tsaya a ƙofa ya faɗa da ƙarfi, yadda aka umarce shi, cewa na 'yarsa ne.