Baƙar Motar Dillalin Auduga

Har gobe ban manta da ranar da aka jawo mana wata baƙar mota a bayan tirela daga Malumfashi ba. Bayan samun 'yancin kai ne da 'yan shekaru, ina kanike a wani gareji kusa da tashar jirgin Funtua. Maigidanmu Baba Lasisi ne, Bayarabe haihuwar garin, wanda ya yi kanikancin soja lokacin yaƙin Bama.

Mai motar, Malam Sani, malamin gona ne. Ta mahaifinsa ce, marigayi dillalin auduga, ta daɗe a rumfa kaji na ƙwai a cikinta. Yana so a tashe ta. Ƙa'idarmu kuwa, ba a kwance ko noti ɗaya sai an san ƙirar mota da shekararta, domin kayan gyara daga Ikko ake odarsu, in ka kuskure shekara ba za su hau ba. Takardunta kuma gara ta cinye.

Muna cikin dubawa sai wani dattijo daga Gozaki, Malam Ibro, ya tsaya a bakin gareji da jakinsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce ita ce motar da ta kaɗe ƙanensa a hanyar Kafur, shekarar da aka ɗebi samari zuwa yaƙin Bama, direban bai tsaya ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce dai ya gane ta.

Malam Sani ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya ce mahaifinsa ya sha bin hanyar nan, kuma shi bai san lokacin da aka sayi motar ba, yana makarantar kwana. Ya dubi maigida ya ce, "Baba, in ita ce, kada ku ɓoye mini."

Baba Lasisi ya ba dattijon benci, ya tambaye shi kamannin waccan motar. Dattijon ya ce fitilunta a tsaye suke a waje kamar idon kwaɗo, da taya ɗaure a gefe. Tamu fitilunta cikin jiki suke. Amma maigida ya ce wannan bai isa ba, ana canza wa mota bodi.

Ni aka tura ƙarƙashi. Na wanke ƙarfen da bodi ke zaune a kai da kananzir, na kankare tsatsa har lamba ta fito. Ta yi daidai da ta ƙaramin farantin da ke jikin bodi, babu alamar walda ko sabon bugu. Birkinta na mai ne, ba na sanda irin na da ba. A jikin injin kuma muka sami shekarar da aka zuba ƙarfen. Bayan an gama yaƙi ne.

Maigida ya sa Malam Ibro ya durƙusa ya taɓa lambar da yatsansa, ya bayyana masa cewa ranar da ƙanensa ya rasu ba a ma ƙera wannan motar ba. Dattijon ya miƙe ya kama hannun Malam Sani, ya ce, "Ɗana, ka yafe mini. Na ɗora wa mamaci abin da bai yi ba."

Malam Sani ya share hawaye. Ya raka tsohon har bakin titi, suka yi wa mamatan biyu addu'a. Wanda ya kaɗe ƙanen dai ba a taɓa saninsa ba.

Kafin damina motar ta tashi. Ku yaran yanzu kuna ganin neman lamba ɓata lokaci ne. Tsohuwar mota takan zo da mutanenta, rayayyu da matattu. Ku san ko wace ce tukuna, sannan ku ɗauki sifana.