Ɗorawar Mai Tsaron Ƙofa

A bayan gidanmu, inda darni ya ƙare gonar babanmu ta fara, akwai wani fako da ko ciyawa ba ta son zama a kansa. Nan muka gina birni. Ƙauyenmu yana gefen hanyar Dayi, a ƙasar Malumfashi, kuma a shekarun nan na saba'in babban abin kallonmu shi ne motocin auduga masu wucewa Funtuwa. Cikinmu babu wanda ya taɓa ganin gari mai ganuwa. Labari kawai muke ji, amma wannan bai hana mu ginawa ba.

Mu huɗu ne. Akwai Yayana, wanda ya girme ni da kaɗan amma yake ji kamar shi ya haife ni. Akwai ɗan ƙanen babanmu, yaro mai son doka kamar a kotu aka yanke masa cibiya. Sai ni, sai ƙawata, 'yar Fulanin da suka kafa ruga a ƙarshen gonarmu. Babanmu ne ya ba su aron wurin tun kafin mu yi wayo, shanunsu su ci kara su bar masa taki.

Da an gama girbi muke fasa suri mu kwaɓa ƙasarsa. Ganuwar ba ta wuce tsayin tafin hannu ba, amma kaiton wanda ya tsallake ta. Dole ka bi ta ƙofa. Akwai Ƙofar Auduga mai kallon hanyar mota, da Ƙofar Shanu mai kallon ruga, da Ƙofar Kura mai kallon daji. Ta huɗun a toshe take kullum, domin a bayanta akwai ramin da Yaya ya tabbatar mana wani aljani mai ƙafa ɗaya ke kwana ciki. Maƙera muka kai su ƙarshen gari saboda wuta, marina kuma bakin kwatar da ruwan wanke-wanken Innarmu ke bi, wadda ita ce babban koginmu. Kasuwa na tsakiya. Cocinmu, da yake mu Kirista ne, da gwangwanin madara aka rufe shi, shi ya sa ya fi fada ƙyalli. Masallaci kuwa sai da ƙawata ta sa muka rushe muka sake, wai mun juya masa baya ga gabas. Itatuwan garin duk busassun rassa ne muke sokawa a ƙasa.

Sarauta ce ta fi ba mu wuya. Mun yi dambe a kanta har haɓo, domin ni dai ban ga dalilin da zan durƙusa wa ɗan ƙanen babanmu ba, mutumin da har lokacin yake tsoron zakara. Daga ƙarshe muka naɗa wani fasasshen dutsen niƙa, muka yi masa rawani da tsumma. Tunda sarki ba ya magana, Yaya ya zama bakinsa. Ɗan ƙanen babanmu ya karɓi Sarkin Noma, shi ke raba filaye da gidaje. Ni ce Magajiyar Kasuwa. Ƙawata aka ba ta tsaron ƙofofi, don ta fi mu iya fito da jifa.

Kowa na da ɗan mutum-mutuminsa na laka. Yaya zai tanƙwashe ƙafa ya ce, "Yau kura ta shigo gari, ta ɗauke akuyar maƙeri. Me za ku yi?" Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, sai a watsa ɓawon gyaɗa. In mafi yawa suka faɗi a buɗe ka yi nasara, in suka kife kuwa sai abin da Yaya ya ga dama da kai. Sau nawa ya jefa ni rijiya don kawai mun yi faɗa da safe! Da farko gidan ƙawata a wajen ganuwa yake, kamar yadda rugarsu take a wajen gari, babu ma wanda ya yi tunanin wani abu. Ranar da ta kori kurar nan da sanda ita kaɗai, sarki ya yi mata kyautar gida a ciki, kusa da kasuwata.

Ruwan farko na sauka birnin ke narkewa. Ba ma kuka, mun san kaka na zuwa mu sake.

Wata bazara, ɗorawa ta nuna, muna zaune muna shan garinta bakinmu duk ya yi rawaya, sai ƙawata ta tsotse kalwa ɗaya ta binne a ƙofar gidanta na cikin birni. Ta ce ta gaji da inuwar busasshen reshe. Kullum in ta rako uwarta tallan nono, sai ta ratse ta tsiyaya wa wurin ruwa daga 'yar gorarta. Mun ma manta da zancen, sai ga tsiro ya fasa fakon nan ya fito.

Sarkin Noma na gani ya kai ƙara gaban sarki. Kuma ba ƙarya ya yi ba, al'adarmu ce ya ɗauko. Wanda aka ba aron gona yana iya shuka hatsi, ya kafa bukka, ya haƙa rijiya ma, amma ba ya dasa itace. Hatsi ana girbe shi a tashi, itace kuwa yana nan har jikoki su zo su ce wurin nasu ne. Kowane yaro a ƙauyenmu ya san wannan.

"Baƙuwa ce," in ji shi. "Baƙo bai dasa icce. A tumɓuke shi."

Na miƙe zan shaƙe shi, Yaya ya riƙe min zane. Ƙawata ba ta ko ɗaga murya ba.

"A ƙarshen gonar nan aka haife ni," ta ce. "Cibiyata tana can a binne. Daga ina na baƙunto?"

Yaya ya kai hannu ga ɓawon gyaɗa. Ƙawata ta dafe su da tafinta.

"Yaya, wannan ba ta ɓawo ba ce."

A lokacin na gane wasa ya ƙare. In aka cire tsiron nan, ba za ta sake tako birnin ba, ƙila ma gidanmu. Kafin mu ankara Sarkin Noma ya zura da gudu ya kira babanmu, wanda ke gyaran garmar shanu a ƙofar gida.

Babanmu mutum ne mai faɗa a kan iyakar gona, ya taɓa shekara ba ya gaisawa da maƙwabci saboda kunya ɗaya ta dawa. Ya zo yana share hannu a riga, ya tsaya a bakin ganuwa ya daɗe yana kallo. Sai ya tsuguna ya ce in zagaya da shi gari. Na nuna masa marina, da kasuwa, da ƙofar da ba a buɗewa. Ya dubi tsiron, ya dubi ƙawata.

"Wa ke da garin nan?" ya tambaya.

Muka nuna masa dutsen.

Babanmu ya cire hularsa ya ce wa dutsen niƙa, "Ranka ya daɗe." Ko murmushi bai yi ba. Sannan ya juya ga ɗan ƙanensa.

"Kai, ni gonata a bakin ganuwar nan ta tsaya. Abin da ke ciki, ku ji da sarkinku."

Yaya ya kara kunnensa a jikin dutsen, ya ja lokaci yana gyaɗa kai, domin shi ma akwai son a kalle shi. Ya ɗago ya ce sarki ya yanke hukunci: wadda ke tsaron ƙofar gari ba ta zama baƙuwa a cikinsa. Da yamma babanmu da kansa ya saro ƙaya ya kewaye tsiron saboda awaki.

Ruwa ya zo ya cinye birnin kamar kullum, tsiron ya tsaya. Amma a shekarun nan ne takin zamani ya shigo, kowa ya faɗaɗa gona, burtalin da shanu ke bi zuwa rafi ya matse har ya zama sai an yi rigima ake wucewa. Bayan girbin shekarar, mahaifin ƙawata ya zo ya yi wa babanmu godiya da sallama, ya ce za su gangara kudu neman kiwo. Ita kuma ta same ni a bayan gida ta miƙo min 'yar gorarta.

"Ki dinga ba shi ruwa kafin in dawo," ta ce.

Na ba shi. Mun sake gina birnin a kakar nan, amma babu wanda ya yarda ya karɓi tsaron ƙofa, labaran Yaya kuma suka yi lami. Daga baya makarantar kwana ta kwashe mu ɗaya bayan ɗaya. Duk shekara babanmu na zuwa da garma ya karkata shanu ya zagaye wurin, har kunyoyin gonar suka saba da wannan lanƙwasa. Ɗorawar ta girma ta yi 'ya'ya. Innarmu kan yi daddawa da kalwarta, amma ko sau ɗaya ba ta kai ta kasuwa ba, kyauta take rabarwa, tana cewa ba a sayar da kayan mutum ba ya nan.

Ina kewar yarinyar nan har yau. Na tsufa, amma in na shiga kasuwar Malumfashi sai na tsinci kaina ina leƙa fuskokin tsofaffin masu nono, har wasu su tsargu.

Zuwana gida na bara na tarar 'ya'yan Yaya sun taso shi gaba, wai itacen na hana tarakta juyawa, a bar su su sare. Yaya yanzu ido ya yi rauni, yawancin yini a gindin ɗorawar yake zaune. Ya bar su suka gama bayaninsu tsaf.

"Ba ni da ikon ba ku," ya ce. "Ba tawa ba ce. Ku jira mai ita."