Gyaran da Na Yi wa Kundinta

Aikina a laburaren wata kwalejin horar da malamai da ke Jimeta shi ne zama a teburin bakin ƙofa. Kowace safiya in taso daga unguwar Makama, in zauna, in duba katin ɗalibi, in hana shi shiga da jaka. Tun da bama-bamai suka fara tashi a gari aka kafa dokar jakar, kuma ita kaɗai ce dokar da na ga an riƙe da gaske a wurin nan. Abin da aka gina laburare dominsa, wato a ba mutum littafi ya karanta, wannan kam ba wanda ya dame shi.

Wata shekara aka ce za a kawo mana kwamfutoci. Shugaban laburaren ya sa aka kwashe sashen Hausa kaf, da nahawu da ƙamus da littattafan labari, aka zuba a kwalaye aka kulle a sito. Kwamfutoci suka iso, aka yi taro, aka sha lemo, aka ɗauki hoto, sannan aka lulluɓe su da leda saboda babu wuta. Mabuɗin sito yana aljihun shugaba, shi kuwa in ba ya mitin to ya yi tafiya. A jikin wata ƙofa an manna takarda cewa nan ne ɗakin taimaka wa ɗalibai a kan rubutu. Tsintsiya da bokiti ne a ciki.

A wannan hali wata ɗaliba ta zo ta tsaya a gabana da kundinta na kammala karatu. Tana cikin waɗanda suka gudo daga arewacin jihar lokacin da 'yan bindiga suka shiga garuruwansu, ita da mahaifiyarta da ƙannenta suna raɓe a gidan dangi a Mbamba. Fillanci suke yi a gida, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta ta tsince ta, kuma a sashen Hausar aka ba ta gurbi. Abin da ta rubuta shi ne labarin gudunsu daga bakin mahaifiyarta, wadda take kira Dada. Ta ɗauki muryar a waya, ta zauna ta kwafe kalma bayan kalma. Sau biyu malamin da ke duba aikin yana dawo mata da shi. Na uku shi ne na ƙarshe, don shekarun da aka yarda ɗalibi ya yi a kwalejin sun ƙare mata. In bai karɓa ba, za ta fita hannu wofi.

Na buɗe kundin, jan biro ko'ina kamar an yanka kaza a kai. Laifin guda ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Duk wanda ya zauna a Jimeta ya san Hausar da ake yi a nan: mace ya zo, yarinya ya tafi, Dada ya ce. Ba mai ɗaga kai ya kalle ka. Amma malamin ya ce ko maganar tsohuwar ce sai an mai da ita daidaitacciyar Hausa, ya kuma rubuta a bangon kundin cewa ta je laburare ta karanta Hausa ta gaskiya.

"Adda, malam ya ce in karanta littafi," in ji ta, don haka take kirana, wato yaya da Fillanci. "Wanne zan fara?"

Na juya na kalli kantocin da ke bayana, ba komai a kansu sai ƙura da kashin ƙadangare. Raina ya ɓaci ƙwarai. Malamin nan ofishinsa bai fi taku hamsin daga inda nake ba, amma bai taɓa leƙowa ya ga inda yake turo mutane ba. Shi dai ya faɗa, ya fita haƙƙinta.

Sau uku ina hawa bene wajen shugaba a kan mabuɗi. Da farko ya ce in rubuto a takarda, na rubuta. Na biyu ya ce sai kwamiti ya zauna. Na uku na ce masa a gaban sakatarensa, in gara ake tara wa littattafan a faɗa mana mu daina wahalar da 'ya'yan mutane. Ya cire tabarau ya ce in san matsayina. Na sauko ina huci.

Daga nan ne nawa laifin ya fara, kuma ba zan ɓoye shi ba. Kakannina fatake ne da suka zo Yola daga Kano, a gidanmu an riƙe Hausa da kyau, ni kuma ina ji da kaina a kan haka. Saura mako guda a rufe karɓar kundi. Na ce mata ta bar min shi, tunda sun hana ta littafi ni zan zame mata littafin. Ta yi ta godiya. Na ɗauki biro, tsakanin duba wannan kati da korar waccan jaka, ina bin layi ina mai da "ya" zuwa "ta", "zai" zuwa "za ta", "bai" zuwa "ba ta". Labarin kusan duk mata ne a cikinsa: Dada, da Goggo ƙanwar mahaifinta, da maƙwabta masu goyo. Hannuna ya saba har ya riga idona. Farautar kuskure nake yi, ban karanta labarin ba. Ko sau ɗaya ban zaunar da ita na tambaye ta wa ake nufi a nan ba, don a ganina ni ce mai sani. Cikin kwana uku na gama, ta kai shagon buga takardu, aka sake bugawa, aka yi masa bango mai tauri.

Ranar da za a rufe karɓa, da hantsi, ta shigo da kundin a rungume. Ba ta gaishe ni yadda ta saba ba. Ta buɗe wani shafi ta ajiye a kan teburina, ta sa tsohon kwafin a gefensa. A tsohon, maganar Dada ke nan: "Goggonku ya gaji, ya zauna a bakin rafi. Ya ce mu wuce da yara, zai koma ya kwance shanu. Ya koma. Mun jira har la'asar. Bai zo ba." A sabon kuwa duk na mai da su mace. Ta ce mu wuce, za ta koma ta kwance shanu, ta koma, ba ta zo ba.

Na ce mata ai daidai ne, Goggo mace ce.

"Adda, Goggo yana Mbamba. Yau ma shi ya dama mana kunu." Ta ɗora yatsa a kan layin. "Daga nan zuwa nan, Babana ne."

Maimakon in yi shiru, sai na hau ta da faɗa, wai don me ba a ambaci sunansa ba, don me ba a ce mijina ba, ta yaya mai karatu zai gane. Sannan a hankali ta ce tunda take ba ta taɓa jin Dada ta kama sunansa ba, ko mijina ba ta cewa. In Dada ta ce "ya", ba ta kira sunan kowa ba, duk gidan an san wanda take nufi. Wannan kunyar na san ta sarai, a cikinta na tashi, uwata ma har ta koma ga Allah ba ta kira sunan babanmu ba. A kundin gaba ɗaya, wuri biyar ɗin nan ne kaɗai mutumin ya fito, kuma tun ranar da ya koma kwance shanu ba a sake jin labarinsa ba. Ni na share shi.

Dokar sashen ita ce kundin da aka yi wa bango ba a taɓa shi da biro. Ƙarfe goma sha biyu za a rufe. Ta riga ta koma shagon bugawa, babu wuta, injinsu kuma ya lalace. Abin da na ce mata a lokacin har yau yana ci min rai. Na ce ta miƙa shi haka, malam bai san Goggo ba, bai san babanta ba, ba wanda zai gane.

"Na yi wa Dada alkawari zan karanta masa," in ji ta. "In na zo wurin nan, in ce me?"

Ta ɗauki biron da ke kan teburina, ta soke gyarana guda biyar, ta rubuta nata a sama da kyakkyawan rubutu. Ta rufe kundin ta fita.

Malamin bai karɓa ba. Na bar teburin ba kowa na same shi a ofis, na yi masa bayani tun daga kwalayen sito har zuwa bakin rafi. Ya saurare ni, ya ce Allah ya bayyana mutumin, amma ƙa'ida ƙa'ida ce, in ya ɗaga wa ɗaya sai ya ɗaga wa kowa. Har ya ƙara da cewa laifinta ne da ta ba wanda ba malami ba ya yi mata gyara. Na gaya masa maganganun da ban san ina da su a bakina ba, har mutane suka leƙo daga ofisoshin kusa. Ba abin da suka canza. Da aka manna sunayen waɗanda suka kammala, na bi takardar da yatsa sau biyu, babu nata.

Ina jin haushin shugaban nan da mabuɗinsa, ina jin haushin malamin da ƙa'idarsa, kuma shekarun da suka wuce ba su rage min komai ba. Amma su ba su taɓa kundin da niyyar taimako ba. Ni ce na yi.

Bayan kamar wata guda ta dawo da takardar sallama. Ko wanda aka kora sai ya zagaya ofis ofis an sa masa hatimi kafin a ba shi fayil ɗinsa, kuma laburare na cikin jerin. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi mutanen gida, ta miƙo takardar. A layin da ya shafe ni an rubuta cewa ina tabbatar da babu littafin laburare ko ɗaya a hannun wannan ɗaliba. Gaskiya ne, babu. Na buga hatimin, na sa hannu.