Likitan Da Ya Ɗaure Mini Bismillah

Jama'a, salamu alaikum. Shekara kusan talatin ban taɓa yin wannan maganar a fili ba. Amma tun da na sa hoton bikin jikata tambaya ta ishe ni: "Malama, wai ja miki fuska aka yi? Kuncin hagu ya fi na dama tsayuwa." To ku gyara zama. E, an ja. Amma ba don gayu ba.

A tsakiyar shekarun casa'in ne, lokacin da Suleja ke cika da 'yan haya masu aiki a Abuja. Ina koyar da ƙananan yara a wata Islamiyya a Kwamba. Wata safiya ina alwala na kurkure baki, sai ruwan ya zubo ta gefen hagu ya jiƙa mini zani. Na sake, ya sake. Da na duba madubi, bakina ya karkace dama, idon hagu kuma ya ƙi rufuwa.

Inna, surukata, kallo ɗaya ta yi mini ta ce, "Marin aljani ne. Ban hana ki watsa ruwan zafi a kwata ba?"

Hayaƙi kam na sha shi, har Izom aka kai ni wajen mai magani. A asibiti suka ce jijiyar da ke motsa rabin fuska ce ta kwanta, kuma yawanci takan tashi da kanta. Aka ba ni ƙwayoyi da maganin ɗigawa a ido, ana yi mini gashi da tausa. Ta mutane takan tashi. Tawa ta ƙi, shekara ta zagayo, ta sake zagayowa.

Munin bai dame ni kamar yadda kuke zato ba, mayafi yana rufe wannan. Leɓɓana ne suka daina haɗuwa. Duk harafin da sai an haɗa leɓe, irin "ba" da "mim", iska ce ke fita a madadinsa.

Ran nan na biya wa yara Bismillah, suka amsa da iya ƙarfinsu: "Fisfillahi!" Wallahi ba tsokana ba ce. Yadda suka ji daga bakin Malama haka suka ɗauka. Na ajiye allo na zagaya bayan aji na yi kuka mai isata. Daga ranar ban koma ba.

Wani maƙwabcinmu ma'aikacin jinya ne ya ba maigidana labarin wani likitan fiɗa a Kaduna. Mutumin Filato ne, Kirista, siriri, ba ya gaggawar magana. Ya daɗe yana taɓa fuskata kafin ya ce, "Malama, ba zan ruɗe ki ba, jijiyar nan ba za ta dawo ba. Amma zan iya ɗaga fuskar in ɗaure ta. Nan gaban kunne zan yanka, inda ake yanka wa masu son a ja musu fuska in ta saki da tsufa. Su fata da naman ƙarƙashinta ake ja, a yanke rarar. Ke kuwa sai na ciro tantani mai ƙarfi daga cinyarki in yi igiya da shi, daga gefen baki zuwa ƙashin kunci."

Na ce, "Likita, cinya a fuska?"

Ya ce, "Ai duk naki ne, ba aro za mu yi ba." Sannan ya tambaye ni, "Me kika fi so ya dawo?"

Na ce, "Bismillah." Bai yi dariya ba. Rubutawa ya yi.

Aka auna jini da fitsari, aka ɗauki hoton ƙirji. Kuɗi kam an kashe, filinmu na Iku a nan ya tafi. Daga nan aka tura ni ɗakin tiyata.

Na farka kaina naɗe da bandeji, fuska ta kumbura suntum, sai kunu da cokali. Abin haushi, cinyar ta fi fuskar ciwo. Da kumburin ya saɓe baki ya miƙe, kowa na ta barka. Inna ma ta ce, "Kai, wannan likita ya fi ƙarfin aljanin." Amma "ba" ba ta fita sosai. Na yi shiru, don ina jin kunyar raina aikin mutum.

Likitan ne bai yi shiru ba. Da na koma ya ce in faɗi kalmar nan, na faɗa. Ya girgiza kai. "Ba wannan muka yi alkawari ba. Igiyar tana son ƙarin ja."

Wannan karon ido biyu aka yi mini, allurar kashe zafi kawai. Ya buɗe gaban kunnen ya kama igiyar ya ce, "Ni ban san ƙa'idar karatunku ba, ke za ki gaya mini in ta yi. Faɗi."

Na faɗa, iska. Ya ja kaɗan. Na faɗa, saura ƙiris. Ya ƙara ja, sai na ji leɓɓana sun taɓa juna.

"Bismillah."

Tas ta fita. Hawaye suka gangaro mini har cikin kunne.

Ya ce, "Sake faɗa, Malama, in ƙulle a kanta."

Na gode wa Allah. Na gode wa maigidana, Allah ya jiƙansa, da bai taɓa tuna mini filin nan ba. Wannan likita kuwa, ban taɓa ganin mai girmama buƙatar mara lafiya kamarsa ba, Allah ya saka masa.

Shawarata: in baki ya karkace, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya hayaƙi. A kula da idon da ba ya rufuwa kada ya bushe. 'Yan'uwana masu son a ja musu fuska saboda tsufa, ba wasa ba ne, yanka ne. Ku nemi ƙwararre, wanda zai gaya muku abin da ba zai iya ba kafin abin da zai iya.

Na koma aji, yara suka amsa daidai. Ƙullin yana nan gaban kunnena, kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin fata. Duk alwala sai yatsana ya taɓa shi.